Tarihin da ruhubanawan Turai suka rubuta: wa ya riƙe alƙalamin, kuma don wa?

Daga gidan ruhubanawa, wato Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, na Saint Gall, a ƙasar da yau ake kira Suwizalan, akwai wani tsohon kundi da aka jera shekaru a gefensa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A gaban 709 an rubuta cewa hunturu ya yi tsanani, kuma wani basarake mai suna Gottfried ya mutu. A gaban 710, shekara ce mai wuya, amfanin gona ya yi ƙaranci. A gaban 711 babu komai. A 712, ambaliya ko'ina. Haka abin yake tafiya, wata shekara da layi ɗaya, wata fayau, har zuwa 732, inda aka ce Charles, wato Charles Martel jagoran Faransawa, ya gwabza da Larabawa a Poitiers ranar Asabar. Shi ke nan. Ba a ma faɗi wanda ya yi nasara ba.

Wannan yaƙin shi ne wanda littattafan Larabci ke kira Balaɗush Shuhada, inda Abdurrahman al-Gafiƙi, gwamnan Andalus, ya rasa ransa. Marubutan Turai na baya sun mayar da shi ranar da aka yanke makomar nahiyarsu. Amma a wajen mai wannan kundi, bai fi ambaliyar 712 girma ba. Bayan kimanin shekara hamsin wani rahibin, Paul na Monte Cassino a Italiya, ya rubuta cewa an kashe Musulmi 375,000, alhali a ɓangaren Faransawa mutum 1,500 kaɗai suka mutu, adadin da babu masanin tarihi mai hankali da zai karɓa a yau. Yaƙi ɗaya, ruhubanawa biyu: ɗaya ya kusa yin shiru, ɗaya ya zuba gishiri har miya ta lalace. Daga irin waɗannan hannuwa ne mafi yawan abin da aka sani game da Turai tsakanin faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 da wajejen 1200 ya iso gare mu. Don haka dole a tambaya: su wane ne, me ya sa suka yi rubutu, kuma yaya za a karanta su?

Rubutun tarihin coci ba a gidan ruhubanawa ya fara ba. Wanda ya aza harsashinsa shi ne Eusebius, bishop na Kaisariya a Falasɗinu, wanda ya kammala tarihinsa wajejen 325, a zamanin Kustantin, sarkin Rum. Ya zo da abu biyu da suka zama gado. Marubutan Girka da Rum na da sukan ƙirƙiro jawabi su sa a bakin sarki ko kwamanda, muddin ya dace da halinsa. Eusebius kuwa sai ya riƙa kwafo wasiƙu da dokokin sarakuna da sassan littattafai kalma da kalma, domin shi hujja yake kafawa: cewa cocin zamaninsa yana da silsila marar yankewa daga manzannin Almasihu, ta hanyar jerin bishop-bishop na Rum da Iskandariya da Antakiya da Kudus. Saboda wannan ɗabi'a tasa, akwai littattafai da dama da suka ɓace ƙurmus, ba a san su ba sai ta abin da ya ɗauko daga cikinsu. Abu na biyu kuwa ya faɗe shi da bakinsa a littafi na takwas: ba zai tsaya kan rigingimu da abin kunyar shugabannin coci ba, zai kawo abin da zai amfani masu karatu ne. Kawo hujja da zaɓen abin da za a faɗa, tare aka haife su a wannan fanni, kuma tare suka girma.

Eusebius ya kuma tsara wani jadawali da ya jera sarautun duniya layi-layi kusa da juna, domin a ga wa ya yi zamani da wa. Jerome, wani malamin coci, ya fassara shi zuwa Latin wajejen 380, ya ƙara masa har zuwa 378. Wannan jadawali ne ɗaruruwan marubuta suka riƙa ɗorawa a kai: kowa ya kwafi na gabansa, sannan ya ci gaba daga inda aka tsaya.

To me ya haɗa rahibi da wannan aiki? Ƙa'idar Benedict ta zaman ruhubanawa, wadda aka rubuta a ƙarni na 6 kuma mafi yawan gidajen yammacin Turai suka bi, ta tsara addu'a sau bakwai da rana da sau ɗaya da dare, da aikin hannu, da karatu. Ba ta ce a rubuta tarihi ba. Amma gidan ruhubanawa ne wurin da abubuwa uku suka haɗu: mutanen da suka iya Latin, ɗakin ajiyar littattafai, da dukiyar da za ta iya sayen fata. Ba takarda ake amfani da ita ba a lokacin, fatar maraƙi ko ta tunkiya ce ake jiƙawa, a kankare, a miƙe ta bushe. Littafi Mai Tsarki guda ɗaya da gidan Wearmouth da Jarrow a arewacin Ingila ya aika Rum a 716, wanda yanzu yake Florence, ya ci fatun maruƙa sama da 500. Talaka ba ya rubuta tarihi a irin wannan yanayi. Haka kuma gidan ba ya mutuwa da mutuwar mutum: sarki zai wuce, zuriyarsa ta watse, amma gidan yana nan, wani ya ɗauki alƙalamin da wani ya ajiye.

Akwai kuma lissafin Ista, wanda a ganina shi ne tushen da aka fi mantawa da shi. Bikin Ista ba shi da tsayayyar rana. Yana faɗowa ne ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farkon bazarar Turai, don haka sai an daidaita tafiyar wata da ta rana da kwanakin mako. Coci-coci sun yi ta saɓani a kan yadda za a lissafa. Bede, wani rahibi marubucin tarihi ɗan Ingila, ya ba da labarin cewa a fadar Northumbria, masarautar arewacin Ingila, Sarki Oswiu, mai bin lissafin malaman Ailan, yakan yi bikinsa alhali matarsa Eanflaed, mai bin lissafin Rum, tana cikin azumi. Duk wanda ya taɓa ganin gari ɗaya ana hawan idi, wata unguwa kuma tana riƙe da azumi saboda saɓanin ganin wata, ya san ba ƙaramar magana ba ce. A taron Whitby na 664 sarkin ya yanke hukunci a bi Rum.

Don kauce wa irin wannan ne ake rubuta jadawalin Ista na shekaru masu yawa, layi ɗaya ga kowace shekara. A 525 wani rahibi a Rum mai suna Dionysius ya tsara nasa, ya ƙi ƙirga shekaru daga hawan Diocletian, sarkin da ya gallaza wa Kiristoci, ya ƙirga daga shekarar da ya lissafa a matsayin ta haihuwar Almasihu. Ya yi kuskuren 'yan shekaru, amma lissafinsa ne Miladiyyar da muke rubutawa a kan takardun ofis har yau. Jadawalin yakan bar fili a gefe, sai wani ya rubuta a gaban shekarar: shugaban gidanmu ya rasu, ko rana ta yi husufi, ko annoba ta kashe shanu. Masana sun daɗe suna cewa daga nan kundin shekara-shekara ya fito. Wasu na baya-bayan nan suna ganin abubuwan biyu sun taso ne kafaɗa da kafaɗa. Ko ma wanne ne, tunaninsu ɗaya: shekarun na Allah ne, suna tafiya a jere zuwa ranar hisabi, ko an rubuta wani abu a gabansu ko ba a rubuta ba. Shi ya sa mai kundin Saint Gall bai tsallake 711 ba. Mai karatun tarihin Musulunci zai tuna da Ɗabari, wanda ya rasu a 923, da yadda yake buɗe kowane babi da cewa sannan shekara kaza ta shigo.

Bede ya cancanci a daɗe a kansa. An kai shi gidan Wearmouth yana ɗan shekara bakwai, ya ƙare rayuwarsa a Jarrow, ya rasu a 735, kuma da ƙyar ya taɓa yin nisa da yankinsa. Duk da haka a 731 ya kammala tarihin cocin mutanen Ingila cikin littattafai biyar, ya yi amfani da lissafin Dionysius, kuma yaɗuwar littafinsa, wanda kwafinsa na hannu sama da 150 suka tsira, na cikin abin da ya kafa wannan lissafi a Turai. Abin da ya fi burge ni shi ne gabatarwarsa. Ya lissafa inda ya samo labarinsa: na Kent daga Albinus, shugaban gidan Canterbury, wasiƙun Fafaroma Gregory daga wani limami mai suna Nothhelm, wanda ya je Rum ya kwafo su daga ma'ajiya, na yammacin ƙasar daga Bishop Daniel, na Northumbria daga shaidu masu yawa da abin da shi kansa ya sani. Bai kai tsananin isnadin malaman hadisi ba, amma niyyar ta yi kama: ga wanda ya faɗa mini, ka auna.

Sai dai wannan mutum mai taka-tsantsan ɗan Northumbria ne, kuma ɗan ɓangaren Rum. Tsoffin Kiristocin tsibirin, wato Birtaniyawan asali, ya zana su a matsayin masu taurin kai waɗanda suka ƙi yi wa maƙwabtansu wa'azi har Allah ya hukunta su. Bai ambaci Patrick, wanda ya yaɗa addinin Kirista a Ailan, a tarihin ba. Masarautar Mercia, wadda ita ce mafi ƙarfi a zamaninsa, ba ta sami rabonta ba. Ya rufe littafin da hoton ƙasa mai zaman lafiya, inda manya ke ajiye makamai suna shiga gidajen ibada. Bayan shekara uku, a 734, ya rubuta wa Bishop Egbert na York wasiƙa mai zafi, yana kukan cewa masu hannu da shuni suna sayen filaye da sunan kafa gidan ruhubanawa don su tsere wa hidimar sarki, suna zaune a ciki da matansu da 'ya'yansu, har an rasa ƙasar da za a ba mayaƙan da za su kare masarauta. Ya san wannan duka sa'ad da yake rubuta tarihin. Bai sa shi ba ne domin littafin na koyi ne, an sadaukar da shi ga Sarki Ceolwulf don ya ga misalin sarakunan kirki. Wanda ya karanta tarihin kaɗai zai fito da rabin Bede.

Da aka shiga ƙarni na 11 da na 12, sai maganar ƙasa ta danne komai. Gidan ruhubanawa babban mai gonaki ne, yana da ƙauyuka da injinan niƙa da kasuwanni, kuma yawancinsu kyauta ce daga sarakuna da attajirai da ke son a riƙa yi musu addu'a bayan mutuwa. Tarihin gida ya zama abu biyu a haɗe: littafin tunawa da waɗanda suka yi alheri, da kuma makamin shari'a a kan jikokinsu idan suka dawo neman gonar. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, sababbin masu mulki suka fara tambayar takarda. Kyautar da aka yi da baki a gaban shaidu shekara ɗari uku da suka wuce, wa zai tabbatar da ita? Nan ne jabu ya yi kasuwa.

Misalin Peterborough ya isa. Gobara ta ci gidan a 1116. Wajejen 1121 suka aro kwafin kundin tarihin Ingila da aka fara tun zamanin Sarki Alfred, suka kwafe shi, amma suka cusa dogayen sassa a ƙarƙashin shekaru irin su 656 da 675, masu bayanin yadda sarakunan da suka ba gidansu filaye, da yadda Fafaroma ya 'yantar da shi daga ikon bishop. Takardun da aka jingina waɗannan sassa a kansu na ƙarya ne. Amma wannan kundin dai shi ne ya ci gaba har 1154, bayan sauran sun tsaya, kuma a cikinsa ne aka sami bayani mafi ratsa jiki game da yaƙin basasar zamanin Sarki Stephen: yadda masu ganuwa ke kama mutane su rataye su a kan hayaƙi don su fito da dukiya, har jama'a na cewa Almasihu da waliyyansa barci suke yi. Gida ɗaya ya ba mu ƙarya da gaskiya a cikin bango ɗaya. Gidan Battle ya gabatar da takardun jabu da sunan William, sarkin Normandawan da ya ci Ingila, a rigimarsa da bishop na Chichester a gaban Sarki Henry na biyu a 1157. A Glastonbury, bayan gobarar 1184, sai ga shi a 1191 an ce an tono kabarin Sarki Arthur, jarumin almarar Birtaniya, daidai lokacin da ake buƙatar masu ziyara da kuɗin gini. A Limoges ta Faransa, Ademar na Chabannes ya ƙirƙiri takardu don ya tabbatar da cewa Martial, waliyyin gidan, manzo ne da ya ga Almasihu da idonsa. An ƙaryata shi a bainar jama'a a 1029, amma rubutun da ya bari ya ruɗi mutane har ƙarni na 20.

Akwai masu kare su da cewa mai jabun yakan gaskata cewa gonar tasu ce da gaske, takardar ce kawai ta ƙone ko ba a taɓa rubuta ta ba, don haka yana cike giɓi ne. Wannan bayani yana taimakawa wajen gane tunaninsu, kuma sau da yawa haka ne. Amma ban yarda ya wanke su ba, domin su kansu sun san jabu laifi ne, suna zargin abokan hamayyarsu da shi a kotu. Kuma akwai inda son ɗaukaka gida ya jawo jini. Wajejen 1150 wani rahibi a Norwich, Thomas na Monmouth, ya rubuta cewa Yahudawan garin ne suka kashe wani yaro mai suna William a 1144 don izgili ga addinin Kirista, ba tare da wata hujja mai tsayuwa ba, yana neman a mayar da yaron waliyyi. Wannan ƙage ya yaɗu a Turai. A 1255 irinsa ya taso a Lincoln, aka kashe Yahudawa 19 da umarnin sarki, kuma Matthew Paris na gidan Saint Albans ya rubuta shi a matsayin gaskiya.

Haka ma labarin 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai. Kundin Ingila ya ce a 793 an ga alamu masu ban tsoro a sama, aka yi yunwa, sannan arna suka wargaza cocin Lindisfarne. Harin ya faru, ba shakka. Sai dai kusan duk abin da aka rubuta game da mutanen nan a farkon zuwansu, waɗanda aka kwashe wa dukiya ne suka rubuta shi, kuma suna ganinsu a matsayin bulalar Allah a kan zunubin jama'a. Abbo na gidan Saint Germain ya ce jirage 700 da mutum 40,000 ne suka kewaye Paris a 885. Tonon kayan tarihi daga ƙasa ne daga baya ya nuna ɗaya fuskar, ta fatake da maƙera da masu kafa garuruwa.

Duk da haka zalunci ne a ɗauke su duka 'yan amshin shata. Orderic Vitalis, wanda aka haifa a Ingila a 1075 aka tura shi gidan Saint Evroul a Normandi yana ɗan shekara goma, an sa shi ne ya rubuta tarihin gidansu, sai aikin ya faɗaɗa ya zama littattafai 13 da suka kai 1141. Yana cin abincin Normandawa, amma da ya zo kan yadda William ya ƙone arewacin Ingila a hunturun 1069 zuwa 1070 har yunwa ta kashe jama'a, ya ce ya yabi sarkin a wurare da yawa, a nan kam ba zai iya ba. Shi ne kuma ya rubuta a ƙarshen wani littafin cewa sanyi ya sandarar masa da yatsu, zai dakata sai bazara. Matthew Paris, wanda ya rasu a 1259, ya caccaki Sarki Henry na uku da jami'an Fafaroma kan kuɗin da suke tatsa, alhali sarkin da kansa yakan sauka a gidansu ya ba shi labari. Daga baya ya koma kan rubutunsa yana sa alama a gefen wasu wurare cewa a cire su saboda za su ɓata rai. Rubutun hannunsa yana nan, ana ganin abin da ya fara faɗa da abin da ya sassauta. Irin wannan shafi ya fi kowane bayani nuna matsin da marubucin yake ciki.

Al'adar ba ta tsaya a yamma ba. A Kiev, gidan ruhubanawa na Kogo ne ake danganta wa kundin farko na tarihin mutanen Rus, na wajejen 1113. A Rumawan gabas akwai Theophanes, wanda kundinsa ya kai 813. Ga mai sha'awar farkon tarihin Musulunci kuwa, na harshen Suryani sun fi muhimmanci. Wani gajeren kundi na wajejen 640, da ake danganta wa wani limami mai suna Toma, ya ambaci yaƙi a gabashin Gaza a 634 tsakanin Rumawa da Larabawan Muhammadu, kuma yana cikin rubutun farko da waɗanda ba Musulmi ba suka ambaci sunan Annabi (SAW). Kundin gidan Zuƙnin, kusa da Diyarbakir ta Turkiyya, wanda aka rubuta wajejen 775, ya bayyana wahalar haraji a ƙauyuka a farkon mulkin Abbasiyawa dalla-dalla, daga idon manomi, abin da marubutan fada ba su cika tsayawa a kai ba. Suna da ƙiyayyarsu, amma sun ga abin da wasu ba su gani ba.

Wani abin lura shi ne, inda marubucin ba shi da abin karewa, nan ya fi zama abin dogaro. Husufin rana da suka rubuta, masu ilimin taurari na iya tabbatar da ranarsa da lissafi, ta haka kuma a gyara shekarun sauran labaran da ke kusa da shi. John na Worcester ya zana ɗigon baƙi a fuskar rana a Disambar 1128, zane mafi tsufa da aka sani na irinsa. Matthew Paris ya rubuta sanyi da ruwa da yunwar 1258 da ta kashe dubbai a Landan. A zamaninmu aka gano cewa dutsen Samalas a tsibirin Lombok na Indunusiya ya yi aman wuta mai girma a 1257, an kuma tono manyan kaburburan bai-ɗaya na wannan zamani a Spitalfields ta Landan. Matthew yana ganin fushin Allah ne yake rubutawa, masu binciken yanayi kuma suka sami ma'auni.

Hanyar tantance waɗannan rubuce-rubuce ta fito ne daga rigima. Lorenzo Valla ya nuna a 1440 cewa takardar da ake cewa Kustantin ya miƙa wa Fafaroma mulkin yamma da ita jabu ce, domin Latin ɗinta ba na ƙarni na 4 ba ne. Bayan rabuwar coci, 'yan Furotesta suka tsara babban tarihinsu a Magdeburg, aka fara buga shi a Basel daga 1559, Cesare Baronius na ɓangaren Katolika ya mayar musu da martani da nasa daga 1588, kowane ɓangare yana tonon ma'ajiya don ya kama ɗaya da ƙarya. Sai wani malamin ƙungiyar Jesuit ta Katolika, Daniel Papebroch, ya yi shakkar tsoffin takardun gidajen da ke bin ƙa'idar Benedict, har da na Saint Denis kusa da Paris. Wanda ya amsa masa rahibi ne daga cikinsu, Jean Mabillon. A littafinsa na 1681 ya shimfiɗa yadda za a gane takarda ta gaskiya: a duba fata da tawada, da salon rubutun hannu, da hatimi, da kalmomin buɗewa da rufewa da kowace fada ta saba da su, da ko shaidun da aka lissafa suna raye a shekarar da aka rubuta. Papebroch ya rubuta masa cewa ya karɓi gyara. Da wannan ma'aunin ne masana na baya suka bi takardun da ke ɗauke da sunan sarakunan Faransa na zuriyar Merovingian ɗaya bayan ɗaya, suka tarar fiye da rabinsu jabu ne, kuma mafi yawansu a gidajen ruhubanawa da majami'un bishop aka ƙera su.